Gurbin bincike a Ingila ko kammala horon tiyata? Amsa ga wata likita

Assalamu alaikum Anti. Ni likita ce mai neman ƙwarewa a fannin tiyata a wani asibitin koyarwa a Arewa. Na ci jarrabawar kashi na ɗaya, yanzu ina matakin siniya rajistara, wato matakin ƙarshe kafin a zama kwansaltan (babban likita), saura kamar shekara ɗaya da rabi in zauna ta ƙarshe in Allah ya yarda. Malamina ya haɗa ni da wata farfesa a Ingila, ta ba ni gurbin bincike na shekara biyu da albashi a ɗakin gwaje-gwajenta, inda ake nazarin ƙwayoyin gadon sankarar mama. A tsawon lokacin ba zan taɓa majiyyaci ba. Kowa taya ni murna yake yi, amma ni abin da ke cikin raina daban ne: yaran da ake kawo mana taifod ya huda musu hanji, a kansu na fara rubuta kundin bincikena. Burina in koyar a jami'a har in kai farfesa, kuma ana ce mini in babu PhD, wato digiri na uku, ba zan yi nisa ba. Ina tsoron hannuna ya yi sanyi. Ina tsoron in tafi in ƙi dawowa kamar abokan karatuna da yawa. Ina kuma tsoron in ƙi tafiya in zo ina cizon yatsa. Maigidana ya ce duk abin da na zaɓa yana tare da ni, sai dai aikinsa ba zai bar shi ya bi ni ba, ga yara biyu ƙanana. Malamina kuwa ina jin nauyin in ce masa a'a. Wata biyu aka ba ni in ba da amsa. Me kike gani?

Ƙanwarki, daga wani asibitin koyarwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa albarka a karatun, ya raya miki yaran.

Tunda ra'ayina kika nema, ga shi tun daga farko: a yadda gurbin nan yake a yau, ba na ba ki shawarar ki karɓa. Ki nemi a ɗage miki shi har ki zauna jarrabawar ƙarshe, ki kuma nemi a karkata aikin zuwa ga tambayar da ke hana ki barci. In aka yarda da waɗannan biyun, ki tafi da zuciya ɗaya. In ba a yarda ba, ki yi godiya ki bari. Dalilaina suna da ɗan tsawo, ki yi haƙuri ki bi su, domin da su za ki shiga ofishin malaminki.

Mutane da yawa suna jin an ce likitocin tiyata a Amurka da Ingila kan dakata da horo su je bincike, sai su ɗauka ko'ina haka abin yake. A Amurka horon tiyata na gaba ɗaya shekara 5 ne, kuma a manyan asibitocin jami'a an saba likita ya tsaya bayan shekara ta biyu ko ta uku, ya yi shekara ɗaya zuwa uku a bincike, sannan ya dawo. Kujerarsa tana nan an ajiye masa, an ma lissafa da tafiyarsa tun ranar da aka ɗauke shi. Ki lura da lokacin da suke zaɓa: kafin shekarun ƙarshe, kafin a fara sakar wa mutum wuƙa ya yi manyan ayyuka da kansa. A Ingila kuma, tun bayan rahoton Walport na 2005 a kan horon likitoci masu bincike aka shimfiɗa hanya ta musamman ga likitan da ke son haɗa asibiti da jami'a. Akwai gurbi na shekara uku a ƙarƙashin NIHR, hukumar da ke tallafa wa binciken lafiya a can, wanda kashi 25 cikin ɗari na lokacin likita bincike ne, sauran 75 yana asibiti. Daga nan ya fita ya yi digiri na uku da izini a rubuce, ya dawo gurbin malami inda ake raba lokacinsa biyu daidai, rabi asibiti rabi bincike. Duk wanda ya bi wannan hanya ya san inda ƙafarsa za ta sauka idan ya gama.

Mu a nan ba a gina mana wannan hanyar ba. Horonki yana hannun hukumomi biyu: asibitin da ya ɗauke ki aiki na wa'adi yake biyan ki albashi, da kwalejin da za ta yi miki jarrabawa, ko ta Afirka ta Yamma wato WACS, ko ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas wadda aka kafa a 1979. Binciken da tsarinmu ya tanadar wa mai neman ƙwarewa shi ne kundin nan da kike rubutawa, a cikin aiki, tsakanin kilinik da kwanan asibiti. Wanda ya fita shekara biyu ya fita ne a kan alfarma, alfarma kuwa takan bi mai ita idan aka canja shugaban sashe ko shugaban asibiti. Na ga waɗanda suka tafi a kan "je ki kawai, babu komai" suka dawo suka tarar an cike gurbinsu, sai da suka sake neman wani asibitin su ƙarasa horon. Saboda haka ko da kin saɓa wa shawarata kin yanke tafiya yanzu, kada ki ɗaga ƙafa sai kin riƙe takarda biyu a hannu: ta hutun karatu daga hukumar asibiti mai ɗauke da ranar dawowa da matakin da za ki dawo, da amsar sakataren tsangayar tiyata na kwalejinki a kan matsayin watannin da kika riga kika yi da kuma taken kundin da tsarinsa da aka amince miki.

Batun sanyin hannu gaskiya ne, amma ba shi ne babba ba. Ɗinki da ɗaurin zare suna dawowa cikin 'yan watanni. Abin da ya fi jinkirin dawowa shi ne hukunci: ki buɗe ciki ƙarfe biyun dare ki ga abin da ba ki zata ba, ki san ko yankewa za ki yi, ko ɗinkewa, ko wankewa ki rufe ki dawo wata rana. Wannan sanin a shekarun siniya rajistara ake tara shi, lokacin da kwansaltan yake gida yana jiran wayarki, ke ce a tsaye a kan majiyyaci. A tsakiyar wannan lokacin kike yanzu. Abinci ne a kan wuta ya kusa nuna, in kika sauke shi yanzu, ko kin mayar daga baya ba zai yi daɗin wanda aka bari ya ƙarasa ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, kuma a kansa zan daɗe. Da kika zo maganar sankarar mama, wuri da albashi da farfesa kika ambata. Da kika zo maganar yaran taifod, cewa kika yi su ne a ranki. Ke da kanki kin riga kin faɗi inda tambayarki take.

Kada ki fahimce ni a kan ina raina aikin sankarar mama. Matanmu suna zuwa asibiti a makare, da yawansu da ƙuruciyarsu, kuma irin sankarar da ba ta jin maganin da ke toshe sinadaran mata ta fi yawa a cikinmu fiye da Turawa. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan take aiki a Jami'ar Chicago, ta shafe shekaru tana bin wannan tambayar, kuma aikinta ya canja yadda duniya ke kallon cutar a jikin baƙar mace. Wanda wannan ce tambayarsa, ya bi ta har ƙarshen duniya. Sai dai aikin ɗakin gwaje-gwaje yana da wuya ƙwarai ga wanda ba shi ya zaɓe shi ba. Za ki yi wata uku kina gwaji ɗaya yana ƙin fitowa, babu majiyyacin da zai warke ya yi miki addu'a ki ji sanyi, babu kowa sai ke da kwalabe da firji. Abin da ke riƙe mutum a irin wannan lokacin shi ne son sanin amsar. In babu shi, sai shekara biyun su zama zaman jiran ranar tashi. A cikin waɗanda na ga sun tafi irin wannan gurbin, waɗanda suka ci gaba da bincike bayan sun zama kwansaltan su ne waɗanda suka tafi da tambayarsu a hannu suka dawo da ita ta ƙara kaifi. Waɗanda suka tafi saboda sunan wurin sun dawo da takarda biyu ko uku a mujalla, suka sa a takardar neman aiki, daga nan ba su sake taɓa bincike ba.

Sannan ki tambayi kanki abin da za ki iya ɗaukowa ki dawo da shi. Nazarin ƙwayoyin gado yana bukatar firjin da ke riƙe sanyi 80 ƙasa da sifili dare da rana, da sinadaran da ake saye da dala, da injinan da in sun lalace sai an kira mai gyara daga waje. Kin fi ni sanin yadda wutar asibitinku take. Akwai cibiyoyi a ƙasar nan da suke irin wannan aikin, amma 'yan kaɗan ne, kuma kusan duk da kuɗin waje suke tafiya. Ilimin da ba ya bukatar komai sai kai da kwamfuta shi ne na tsara bincike, da ƙididdiga, da gwajin kwatanta magani da magani ko aiki da aiki, da rubuta takardar neman tallafi. Wannan in kin koyo shi, ranar da kika sauka za ki fara amfani da shi.

Wataƙila wani ya sa miki a rai cewa binciken hujewar hanji ƙaramin bincike ne, na talakawa, wanda manyan mujallu ba sa kallo. Ki duba abin da ya faru a shekarun nan. A 2015 kwamitin da mujallar Lancet ta kafa a kan tiyata a duniya ya fitar da rahoto cewa mutum biliyan 5 ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da za su iya biya, kuma ana bukatar ƙarin ayyuka miliyan 143 a kowace shekara. Cikin waɗanda suka rubuta rahoton har da Farfesa Emmanuel Ameh, likitan tiyatar yara da ya yi shekaru a Zariya, wanda ya yi rubuce-rubuce a kan yaran nan naki masu hujajjen hanji. A 2018 aka buga wani nazari da aka jagoranta daga Cape Town, wanda ya bi majiyyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25. Ya nuna majiyyatanmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtukan da ke tare da tsufa, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka na duniya sau biyu, kuma mafi yawansu ba a kan tebur suke mutuwa ba, a ɗakin kwanciya ne a kwanakin da suka biyo baya, lokacin da jiki ya rikice babu wanda ya lura da wuri. Waɗanda suka tattara bayanan nan likitoci ne irinki, da takarda da biro, a asibitoci irin naku.

Akwai wanda ya fi wannan burge ni. Wata ƙungiyar bincike da Jami'ar Birmingham ke jagoranta, mai cibiyoyi a ƙasashe bakwai da suka haɗa da Najeriya da Ghana da Benin da Rwanda, ta yi gwaji biyu a kan ruɓewar ciwo bayan aikin ciki. Na farko, mai suna FALCON, da aka buga a 2021 a kan majiyyata 5,788, ya gwada maganin goge fata mai tsada da zaren ɗinki mai rufin magani, ya tarar ba su fi masu araha ba. Asibitin da kuɗinsa kaɗan ne ya samu hujjar daina ɓarnar kuɗi. Na biyu, ChEETAh, da aka buga a 2022, tambayarsa kamar ta wasa: idan likita da masu taya shi suka canja safar hannu da kayan aiki kafin su rufe ciki, ciwon zai rage ruɓewa? An bi majiyyata 13,301 a asibitoci 81, aka ga ruɓewar ta sauko daga kusan kashi 19 cikin ɗari zuwa kusan 16. Safar hannu da almakashi da abin riƙe allura, shi ke nan, kuma a Lancet aka buga shi. Yau ana yin haka a ɗakunan tiyata da yawa saboda wannan gwajin.

Ko ki dubi Katsina. Kees Waaldijk, likita ɗan ƙasar Holan, ya zo Babbar Ruga a farkon shekarun 1980 don aikin kuturta, ya tarar da mata masu yoyon fitsari babu mai yi musu aiki. Ya fara yi, kuma duk matar da ya yi wa sai ya rubuta girman ramin, da inda yake, da abin da ya yi, da yadda ta ƙare. Daga wannan rubutun ya fitar da tsarin rarraba yoyon fitsari da likitoci ke amfani da shi a ƙasashe da yawa, ya kuma nuna cewa sa robar fitsari da wuri kan sa wasu sababbin ramukan su rufe ba tare da wuƙa ba. Digirinsa na uku da ya yi a Jami'ar Utrecht ta Holan a 1989 a kan mata 775 na Arewacin Najeriya ne. Daga ɗakin kwanciyar majiyyatansa ya ɗauki digirin ya kai Turai aka sa masa hannu.

To, yaranki fa? Kin san su fiye da ni: zazzaɓi na mako biyu ko uku, an sha magani a kemis, an je wurin mai gargajiya, sai ciki ya kumbura ya ƙame, a iso asibiti jini ya yi ƙasa, jiki ya bushe. Kin buɗe kin ga rami a ƙarshen ƙaramin hanji, wani lokaci ɗaya, wani lokaci biyar. Tambayoyin da ke nan suna da yawa kuma har yau ba a gama amsa su da hujja mai ƙarfi ba. Wane yaro ne ɗinke ramin ya ishe shi, wane ne sai an yanke an haɗa, wane ne kuma sai an fito masa da hanji ta fatar ciki? In an fito da shi, yaya uwa a ƙauye za ta yi da yaron da jakar da ake mannawa ta fi ƙarfin aljihun gidan, fata tana saɓulewa, yaro yana ramewa? Awa nawa ake ɓatawa tsakanin isowa da shiga tiyata, kuma nawa ne daga ciki neman kuɗi da neman jini suka ci? Wane maganin ne har yanzu ƙwayar take ji a garinku? Wannan ta ƙarshen ba ta wasa ba ce, domin tun 2016 aka ga irin taifod a lardin Sindh na Pakistan da ya bijire wa kusan duk magungunan da aka saba. Sannan ga rigakafi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sabuwar allurar taifod a 2018, Laberiya da Zimbabwe suka shigar da ita a 2021, Malawi a 2023. Masu yanke hukuncin kawo allura ƙasa suna neman alƙaluman nauyin cutar, kuma a wuraren da ba a cika gwajin shuka jini don gano ƙwayar cutar ba, yawan hanjin da ya huje yana daga cikin shaidu mafi ƙarfi. Littafin rajistar ɗakin tiyatarku shaida ne da masana lafiyar al'umma suke nema ido rufe. Wannan aikin zai ɗauki digiri na uku, ya ɗauki shekara ashirin na rayuwar malamar jami'a, bai ƙare ba.

Mu dawo kan PhD, tunda da shi ake tsorata ki. An daɗe ana jayayya tsakanin hukumar jami'o'i ta ƙasa da ƙungiyar manyan likitoci a kan ko shaidar ƙwarewa ta kwaleji ta wadatar a madadin digiri na uku, kuma rigimar takan tashi musamman idan ana neman shugaban jami'a. Da shaidar ƙwarewa ake ɗaukar malami a sassan asibiti, kuma farfesoshin tiyata da yawa da suka koyar da ke da ita suka kai inda suke. Duk da haka, ga mai shekarunki, ina ganin ki sa digiri na uku a cikin shirinki, domin iska ta wannan wajen take kaɗawa, kuma horon da ke cikinsa yana da amfani a karan kansa. Sai dai ki duba da kyau: gurbin bincike na shekara biyu ba digiri ba ne. PhD a Ingila shekara uku zuwa huɗu yake ɗauka. Akwai digirin bincike na likitoci mai suna MD da wasu jami'o'insu ke bayarwa a shekara biyu, amma sai an yi miki rajista, kuma kuɗin makarantar ɗan ƙasar waje ya ninka na ɗan gida nesa ba kusa ba. A wasiƙarki ba ki ce an yi maganar rajista ba. In ba a yi ba, ma'aikaciyar ɗakin gwaji za ki zama, ki dawo babu PhD, babu shaidar ƙwarewa. Ki tambaya kai tsaye: za a yi mini rajistar digiri, wane iri, wa zai biya?

Kuma hanyar ba ɗaya ba ce. Hukumar tallafin karatu ta Commonwealth tana da tsarin da ɗalibi zai yi rajistar PhD a jami'ar ƙasarsa ya je Ingila na wata 12 ya yi ɓangaren da ba zai yiwu a gida ba. Cibiyar Fogarty ta Amurka da gidauniyar Wellcome sun daɗe suna tallafa wa horon masu bincike na Afirka. Yawancin irin waɗannan sun fi son wanda yake da kujera a gida, da majiyyata, da bayanan da ya riga ya tara. Wato bayan kin kammala kin fi ƙarfi a wajen nema fiye da yanzu.

Tsoronki na ƙin dawowa ya nuna kin san kanki, kuma ba zan ce miki ba zai faru ba. Abokan karatunki da suka zauna can ba mugaye ba ne, akasarinsu da niyyar dawowa suka tafi. Abin a hankali yake zuwa: tunda ina nan bari in yi jarrabawar lasisinsu, tunda na samu bari in ɗan yi aiki shekara ɗaya, yara sun shiga makaranta, shi ke nan. Abin da na lura yana dawo da mutum shi ne ya kasance akwai abin da ke jiransa. Wadda ta tafi tana kwansaltan kuma malama tana da ɗakin majiyyata, da ranar tiyatarta, da ɗalibai, da bincikenta da ke gudana a hannun ƙananan likitoci. Wadda ta tafi a tsakiyar horo, in ta waiwayo abin da take hangowa shi ne kwanan asibiti da jarrabawar da ta manta karatunta, alhali waɗanda take gaba da su sun zama shugabanninta. Wannan dawowar tana da ɗaci, shi ya sa da yawa ba sa yin ta.

Maigidanki Allah ya saka masa da alheri. Amma "duk abin da kika zaɓa" magana ce ta mai ƙauna, ba shiri ba ne. Ku zauna ku yi maganar dalla-dalla: yaran wurin wa za su zauna, wa zai kai su asibiti cikin dare, sau nawa za ki iya zuwa gida a shekara da albashin da haya za ta cinye rabinsa, me iyayensa da naki za su ce bayan wata shida. Ki ba shi dama ya faɗi abin da yake tsoro, domin mai yiwuwa yana ɓoyewa ne don kada a ce ya tare miki hanya. In tafiyar ta zama ta wata shida ko shekara ɗaya nan gaba, wannan zaman zai yi muku amfani a lokacin. Ki yi istihara kuma, bayan kin tattara bayanan nan, ba kafin ba.

Malaminki kuwa, kada kunya ta sa ki yi shiru har wa'adi ya cika, kada kuma ya ji labari a bakin wani. Ya sa sunansa ne ya nemo miki, kuma abin da zai ɓata masa rai shi ne a ce ya turo wadda ba ta da tabbas. Ki nemi lokacinsa a ofis, ki fara da godiya, ki ce masa: Malam, ina son in bi hanyar da ka bi, kuma ina son in je wurin nan, amma ina ganin in na kammala zan fi amfanuwa in kuma fi fita kunyarka. Ki miƙa masa shafi ɗaya da kika rubuta tambayarki ta taifod da abin da kike son ki koyo a waje. Sannan ki roƙe shi shi ya taya ki rubuta wa farfesar. Malamin kirki in ya ga ɗalibarsa ta zo da shiri a rubuce, daɗi yake ji. A wasiƙar ku nemi a ɗage gurbin zuwa bayan jarrabawa, ku tambayi ko za a iya haɗa ki da masu binciken tiyata ko cututtuka masu yaɗuwa a jami'arta, ku kuma tambayi maganar rajistar digiri. Farfesoshi sun saba da irin wannan roƙon. Kuɗin wannan gurbin yana iya kasancewa mai wa'adi ta yadda ba zai jira ki ba, amma dangantakar za ta jira, kuma ita ce ta fi gurbin daraja. Ki nemi kuma ta haɗa ki da mutum biyu da suka taɓa zama a wurinta, musamman 'yan Afirka. Ki tambaye su sunan wa ya zo farko a takardun da aka buga daga aikinsu, da inda suke a yau.

Kafin nan, shekara ɗaya da rabin da ta rage kada ta tafi a karatun jarrabawa kaɗai. Kundinki shi ne tikitinki na duk wani gurbi nan gaba, don haka kada ki yi shi irin na a-gama-a-huta, wato kwaso tsofaffin fayiloli rabinsu babu shafuka. Ki bi yaran tun daga ranar da suka shigo, da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku da amincewar iyaye a harshen da suke ji. Ki je ki zauna da likitan ƙwayoyin cuta ku shirya yadda za a riƙa shuka jini da naman bakin ramin. Ki nemi malamin ƙididdiga a sashen lafiyar al'umma tun kafin ki tara bayanai, domin in kin tara ba daidai ba babu abin da zai iya gyara miki. In akwai takwarorinki a wasu asibitoci biyu ko uku da za su cike fom iri ɗaya da naki, aikin ya tashi daga na asibiti ɗaya ya zama na yanki, kuma ku yi yarjejeniyar jerin sunayen marubuta a rubuce tun farko don kada zumunci ya ɓaci a ƙarshe. Ki sa asibitinku cikin binciken haɗin gwiwa na ƙasashe da ake buɗewa lokaci zuwa lokaci, a nan za ki koyi yadda ake tsara babban aiki, a nan kuma masu ba da gurabe za su san sunanki. In kin zo bugawa, ki guji mujallun da ke turo saƙo suna alkawarin bugawa cikin mako ɗaya in an biya, kwamitocin ƙarin girma da masu ba da tallafi sun san su.

Abu na ƙarshe ƙarami ne amma a kansa irin wannan binciken yake yawan karyewa. Sakamakon da duniya ke tambaya shi ne halin da yaro yake ciki kwana 30 bayan aiki, yaranki kuwa da an sallame su sai ƙauye, da yawa ba sa dawowa kilinik. Tun ranar kwanciya ki karɓi lambar waya biyu, ta uba da ta wani ɗan'uwa ko maƙwabci, ki kira su nan take a gabanki ki tabbatar suna shiga, ki rubuta sunan ƙauyen da na mai unguwa. Ki ware ɗan kuɗin kati da na motar waɗanda za ki ce su dawo a duba ciwon, ki sa shi a cikin kasafin binciken tun yanzu.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya ba yaran lafiya. Ki rubuto mini abin da farfesar ta ce.